Unguwa a Cikin Daji: Tazarar Gidaje Ba Ta Isa Kiyaye Namun Daji Ba

A ƙasashe da dama na duniya akwai wani salon gina unguwanni da masu dillancin filaye ke tallatawa da sunan kiyaye muhalli. Yadda abin yake shi ne, a sami fili mai faɗi a bayan gari, a gina gidaje kaɗan a cikinsa, a bar tazara mai yawa tsakanin gida da gida, sa'an nan a gaya wa mai saye cewa zai kwana da kukan tsuntsaye, ya tashi ya tarar da barewa tana kiwo a ƙofar gidansa. Hujjar da ake kafawa tana da saurin shiga kai: tun da gidajen kaɗan ne, ɓarnar da za su yi wa daji ma kaɗan ce. Sai dai binciken da masana kimiyyar muhalli suka gudanar tun daga shekarun 1990 ya nuna cewa wannan lissafi bai fita ba. Abin da ke kiyaye halittu a irin wannan unguwa shi ne inda aka ɗora gidajen, da irin tsirran da aka bari ko aka shuka, da kuma wanda zai ci gaba da kula da filin bayan an sayar da gida na ƙarshe. Unguwar da ta rasa waɗannan, ko da gida ɗaya ne a cikin hekta 10, cin daji take yi a hankali, kuma tana cin wanda ya fi na unguwa mai cunkoso yawa.

Abin da aka yi a Prairie Crossing

Ya kamata a fara da wurin da aka yi abin ya yi kyau, domin a ga irin wahalar da ke cikinsa. Jihar Illinois ta ƙasar Amurka a da can dajin ciyawa ce mai tsawo, wadda ta mamaye wajen hekta miliyan 9. Bayan zuwan garmar ƙarfe a ƙarni na 19, manoma suka juye ta kusan ƙaf suka mayar da ita gonakin masara, har ya zamana abin da ya rage na ainihin wannan daji bai wuce hekta 1,000 ba, a warwatse nan da can, a tsofaffin maƙabartu da gefen hanyoyin jirgin ƙasa inda garma ba ta shiga ba.

A arewa da birnin Shikago, tafiyar kilomita 60 da 'yan kai, kusa da garin Grayslake, akwai wani fili mai faɗin hekta 274 da aka daɗe ana jayayya a kansa, saboda wani shiri na gina gidaje fiye da 2,000 a cikinsa. A shekarar 1987 wani attajiri mai kamfanin ɗab'i, Gaylord Donnelley, tare da wasu maƙwabtansa suka sayi filin. Daga baya George Ranney da matarsa Victoria suka jagoranci aikin gina unguwar da aka raɗa wa suna Prairie Crossing, wadda aka fara shiga gidajenta a tsakiyar shekarun 1990. An gina gidaje 359 masu zaman kansu, da wasu 36 a cikin benaye. Ba a warwatsa su ko'ina ba. An tattara su rukuni-rukuni a ƙananan filaye, aka bar fiye da kashi 60 cikin 100 na ƙasar babu gini, aka kuma ɗaure wannan da yarjejeniya ta shari'a wadda ta hana kowa, har magada, yin gini a wurin.

Filin da aka bari ɗin ba a bar shi haka nan ba. Gonar masara da waken soya ce aka tarar, don haka sai da aka nemo irin ciyayi da furannin asalin yankin aka shuka, aka toshe magudanan ƙarƙashin ƙasa da manoma suka shimfiɗa domin fadamu su dawo da ruwansu. Ruwan sama da ke sauka daga rufin gidaje da tituna ba a kai shi kwata ta siminti. Yana bin wasu kwaruruka masu ciyawa, ya ratsa dajin ciyawar, ya shiga fadama, kafin ya isa wani tafki da aka haƙa a tsakiyar unguwar. A kowane mataki ƙasa da saiwoyi suna shanye wani kaso suna tace sauran; wasu daga tsirran wannan daji saiwarsu kan nutsa mita 3 ko fiye. Ruwan tafkin ya yi tsabtar da mazauna ke iyo a cikinsa, kuma a ƙarshen shekarun 1990 aka zuba wasu ƙananan kifaye iri huɗu da ke gab da ɓacewa a jihar cikin wani kududdufi na unguwar, suka hayayyafa. An sa wa tafkin sunan Aldo Leopold, masanin kiyaye daji wanda ya rasu a 1948 yana taya maƙwabcinsa kashe gobarar ciyawa.

Maganar gobara kuwa tana da muhimmanci a nan. Dajin ciyawa irin wannan da wuta ya saba tun kafin zuwan Turawa nahiyar. Idan aka shekara da shekaru ba a ƙona shi ba, ƙananan itatuwa da baƙin tsirrai sai su rufe shi. Saboda haka ake cinna masa wuta ɓangare-ɓangare, a lokacin da aka zaɓa, ƙarƙashin kulawar waɗanda aka horar, kuma daga cikinsu har da mazauna unguwar. Irin wannan aiki kuɗi yake ci kowace shekara. Domin haka ne aka shar'anta cewa duk lokacin da aka sayar da gida a unguwar, rabin kashi 1 cikin 100 na kuɗin zai shiga asusun wata gidauniya mai kula da harkokin muhalli da noma a yankin. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya sayi gida saboda kyan daji, a nan an sa shi ya biya kuɗin askin.

Akwai abu guda da mai karatu zai riƙe game da wannan wuri. Ba daji aka sare aka gina Prairie Crossing ba, gona ce da ta riga ta rasa kusan dukkan halittunta na asali. Saboda haka duk tsuntsu da ƙwaron da ya dawo riba ce. Da a ce an ɗauki wannan tsari, da kyansa da komai, an ɗora shi a tsakiyar dajin da ba a taɓa ba, da hasara za a ƙirga. Masu talla ba su cika son a yi wannan bambanci ba.

Gida ɗaya, hekta goma

Dalilin hasarar shi ne, tasirin gida ba ya tsayawa a bangonsa. A shekarar 2001 Eric Odell da Richard Knight suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a gundumar Pitkin ta jihar Kolorado, inda masu hali ke gina gidaje a cikin daji da tazara mai yawa. Sun ƙirga tsuntsaye da namun daji matsakaita a nisan mita 30, da 180, da 330 daga gidajen. Kusa da gida sai suka tarar da tsuntsayen da suka saba da mutum sun yi yawa, cikinsu har da dangin hankaka masu cinye ƙwai, da wani tsuntsu mai saka ƙwansa a sheƙar wasu. Tsuntsayen da ba sa jure hayaniya kuwa sun ja baya. Karnuka da kyanwowi sun fi yawa a kusa, yanyawa da koyote, ɗan'uwan dila, sun fi yawa a nesa. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, da suka kwatanta unguwannin da gidajensu ke kusa da juna da waɗanda ke da tazara sosai, ga yawancin tsuntsaye ba su sami wani bambanci mai yawa ba. Dukansu biyu sun yi kama da juna, kuma dukansu sun sha bamban da dajin da babu gini.

Ɗalibin da ya iya lissafin faɗin da'ira zai iya gane abin da wannan ke nufi da fensirinsa. A ɗauka tasirin gida yana kaiwa nisan mita 180 ta kowace fuska. Da'ira mai wannan tazara daga tsakiyarta faɗinta ya ɗan zarce murabba'in mita 100,000, watau hekta 10. Ke nan gida ɗaya, wanda gininsa da harabarsa ba su kai rabin hekta ba, yana sauya rayuwar halittu a hekta 10. Yanzu a ɗauki fili mai tsawon kilomita 1 da faɗin kilomita 1, hekta 100 ke nan, a ce za a gina gidaje 100. Idan aka yanka shi hekta ɗaya-ɗaya, kowane gida a tsakiyar nasa, babu wani wuri a cikin filin da zai yi nisan da ya wuce mita 71 daga wani gida. Mai kallo daga sama zai ga kore ko'ina, amma ga fakara ko gada babu ko taƙi ɗaya na daji da ya rage. Idan kuwa aka tattara gidajen 100 a gefe guda, a cikin zirin da faɗinsa mita 200 ne, kowane gida zai sami fili mai wadata, kuma za a bar ziri mai faɗin mita 800. A cire mita 180 na tasirin gidaje, saura mita 620, watau hekta 62 na dajin da babu mai damunsa, muddin sauran gefunan filin su ma daji ne. Adadin gidaje ɗaya ne, faɗin fili ɗaya ne, yawan gidaje a kowace hekta a takarda ɗaya ne. Bugu da ƙari, tsari na biyu yana buƙatar gajeren titi, da gajeren bututun ruwa da wayar lantarki, saboda haka ya fi arha ga mai gini.

Da a ce maganar ta tsaya nan, da an huta. Amma a 2006 Knight da wasu abokan aikinsa suka koma gundumar Boulder a jihar dai, suka duba unguwannin da aka yi wa irin wannan tattarawa, aka ware musu fili babu gini. Sai suka ga cewa tsuntsaye da tsirran da ke cikin filayen da aka ware sun fi kama da na warwatsattsun unguwanni fiye da na daji. Filayen ƙanana ne, gidaje na kusa da su, baƙuwar ciyawa ta mamaye su, kuma ba a kula da su domin namun daji. Wannan sakamako shi ne ya kamata duk jami'in tsara birane ya karanta kafin ya sa hannu a kan taswirar da aka shafa wa kore. Ware fili a takarda abu ne mai sauƙi. Filin da aka ware ba tare da asusu da ma'aikata ba, cikin 'yan shekaru zai zama juji, ko wurin ajiye motoci, ko kuma a wayi gari an yanka shi an sayar.

Baƙuwar bishiya

Ba kowane kore ne abinci ba. Tsirrai suna kāre kansu daga ƙwari da sinadarai masu ɗaci ko guba, kuma kowane irin ƙwaro ya ɗauki dubban shekaru kafin jikinsa ya saba da sinadaran 'yan tsirarun tsirran da ya tashi tare da su. Idan aka kawo bishiya daga wata nahiya, yawancin ƙwarin wurin ba za su iya cin ganyenta ba. Mai gida zai yi murna da ganyen da babu huda a jikinsa, amma ganyen da tsutsa ba ta ci ba, tsuntsu ba zai sami tsutsa a kansa ba, kuma mafi yawan ƙananan tsuntsaye, har da masu cin hatsi, da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu a sheƙa.

A 2018 Desiree Narango da Douglas Tallamy da Peter Marra suka auna wannan a harabobin gidajen birnin Washington da kewayensa, a kan wani ɗan tsuntsu mai suna cikadi. Sun gano cewa sai tsirran asali sun kai kashi 70 cikin 100 na tsirran harabar kafin tsuntsun ya iya haihuwar da za ta maye gurbin waɗanda ke mutuwa. Inda baƙin tsirrai suka fi haka yawa, tsuntsun yakan zo ya yi sheƙa, amma 'ya'yan da ke tashi ba sa isa. Irin wannan haraba tarko ce: tana jawo tsuntsu da inuwarta, ta bar shi da yunwa.

Sai kuma dabbobin gida. Wani ƙiyasi da aka buga a 2013 ya nuna cewa kyanwowi masu yawo a waje suna kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 kowace shekara a Amurka kaɗai, mafi yawa daga kyanwowin da ba su da mai su. Gida 100 a cikin daji yana nufin mafarauta da dama waɗanda ba sa jin yunwa balle yawansu ya ragu idan abin farauta ya yi ƙaranci.

Shinge

A Afirka ta Kudu wannan salon gini ya zama babbar kasuwa, musamman a kewayen garin Hoedspruit da ke kusa da gandun dajin Kruger. Da yawa daga cikin unguwannin tsofaffin gonakin kiwon shanu ne da aka mayar daji, aka zuba musu raƙuman dawa da jakunan dawa da ire-iren barewa. Wasunsu suna da ƙa'idoji masu tsauri da suka cancanci yabo: ba a katange gida daga gida, ba a shuka baƙon tsiro, wasu ma sun hana ajiye kare da kyanwa. Amma kewayen unguwar gaba ɗaya shinge ne mai lantarki. Wani ɓangare na dalilin tsoron ɓarayi ne, wani ɓangaren kuma doka ce, domin tun 1991 dokar ƙasar ta ba mai fili mallakar namun dajin da ya killace da shinge mai inganci. Dabba ta zama dukiya, dukiya kuwa ba a barinta ta fita.

Shingen yana yanke hanyoyin da dabbobi ke bi neman ruwa da ciyawa da abokan barbara. Har wa yau yana kisa kai tsaye. Kunkuru idan ya taɓa wayar ƙasa sai ya ja kansa cikin ƙoƙonsa ya tsaya cik a wurin, lantarki ya yi ta dukansa har ya mutu. Ɗan-kunya, dabbar nan mai ɓawo da ke cin tururuwa da gara, shi kuma dunƙulewa yake yi idan ya firgita, sai ya naɗe wayar a cikinsa. Dabarar da ta tsare su daga zaki da kura ita ce ke halaka su a jikin shingen da aka kafa da sunan kiyaye daji. Ɗaga wayar ƙasa sama kaɗan yana rage wannan, kuma abu ne mai arha, idan akwai mai damuwa.

Akwai kuma tambayar da ba ta kimiyya kaɗai ba ce. Gidajen irin waɗannan unguwanni, a Illinois ko a Limpopo, masu abin hannu ne ke iya saye. Kuma idan kowane iyali a birni mai mutum miliyan 5 zai nemi hekta guda, babu dajin da zai saura. Wani nazari da aka buga a 2013 a kan birnin Brisbane na ƙasar Ostareliya ya kwatanta hanyoyi biyu na ƙara gidaje: cusa su cikin birnin da ake da shi, ko shimfiɗa su a bayan gari. Ya nuna cewa cusawar za ta jawo ƙarancin ɓacewar ire-iren tsuntsaye, ko da yake mutane za su sami ƙananan harabobi. Saboda haka unguwa mai tazara ba za ta taɓa zama maganin matsalar gidaje ta talakawa ba. Amfaninta yana iyakance ga gefen gari, a ƙasar da ta riga ta gaji, musamman inda za ta zama katanga tsakanin birni da wani gandun daji ko fadama.

A ƙasar Hausa

Unguwa mai tazara ba baƙuwa ba ce a arewacin Nijeriya. Turawan mulkin mallaka sun kafa irinta a Nasarawa ta Kano, da Kaduna, da Zariya, da sauran manyan garuruwa, kuma a zamanin Lugga, wanda ya kafa dokar birane ta 1917, ƙa'ida ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa hujjar gudun sauro da zazzaɓi. Wariya ce aka yi, ba kiyaye muhalli ba, kuma itatuwan da suka cika waɗannan unguwanni yawanci baƙi ne: darbejiya, da turare, da mangwaro. Yanzu ma da aka yanka manyan filayen nan gida-gida, sabon yayi shi ne a sare duk abin da aka tarar, a shimfiɗe harabar da siminti daga bango zuwa bango, a jera wasu siraran itatuwan ado 'yan Indiya a jikin katanga.

Ba a raina darbejiya. Tun da aka kawo ta Borno a 1928 ta ba garuruwan arewa inuwar da ba su da ita, kuma layukanta da aka fara dasawa a kwarin Majiya na ƙasar Nijar a 1975 sun tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Amma sinadarin da ya sa manoma ke jiƙa 'ya'yanta su fesa wa wake domin korar ƙwari, shi ne kuma ya sa ƙwari kaɗan ne ke rayuwa a kanta. Wasu masu bincike daga ƙasar Holan ƙarƙashin Leo Zwarts sun yi shekaru suna ƙirga tsuntsaye bishiya-bishiya a yankin Sahel, kuma sakamakon da suka buga a 2015 ya nuna cewa tsuntsaye masu cin ƙwari, musamman waɗanda ke ƙetaro hamada daga Turai su yi rani a nan, suna taruwa ne a kan 'yan itatuwa ƙalilan masu ƙaya, irin su gawo da aduwa. Darbejiya da turare kuwa kaɗan suke ɗauka. Gawo yana da wata baiwa ta daban, domin da damina yake zubar da ganye, ya yi kore da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Ɗorawa da kuka jemagu ne ke yi musu barbarar fure da dare. Ɓaure da cediya da gamji da durumi, kowannensu yana da ɗan ƙaramin ƙwaronsa da ke shiga cikin 'ya'yansa ya yi barbara, kuma suna ba hasbiya da cilakowa da jemage abinci a lokutan da babu wani. Kowace ɗaya daga cikinsu da aka sare, an sare ta ne tare da masu cin abinci a kanta.

Abin lura shi ne, manomin ƙasar Hausa ya daɗe yana yin abin da masu tsara unguwanni ke kashe kuɗi suna koyo. Ƙauye na gargajiya gidajensa a tattare suke, gonaki na kewaye da shi, kuma a cikin gonakin akwai ɗorawa da tsamiya da kanya da ɗinya da aka bari da gangan. Binciken Michael Mortimore da abokan aikinsa a karkarar Kano, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, ya nuna cewa yawan jama'a bai kawar da itatuwa daga gonaki ba, domin kowace bishiya tana da mai ita. A jihohin Maraɗi da Damagaram kuwa, tun daga tsakiyar shekarun 1980, manoma sun riƙa barin tohon kututture suna gyara shi a maimakon sassabe shi, abin da ake kira sassaben zamani, har itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a faɗin hekta miliyan 5. Yawancin sababbin unguwannin da ke tasowa a gefen Kano da Katsina da Zariya a kan irin waɗannan gonaki ake gina su. Watau mai gini yana tarar da itatuwan asali manya, waɗanda a Illinois sai an sayi iri an jira shekaru kafin a sami makamancinsu, kuma aikinsa na farko shi ne ya turo katafila ta tumɓuke su.

Hukuma tana da abin da za ta iya yi ba tare da sabuwar doka ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma takardar shaidar mallaka tana zuwa ne da sharuɗɗa. Doka mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta auna tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su. Babu abin da zai hana a shar'anta wa mai gina babbar unguwa cewa ya kawo taswirar kowace babbar bishiya da kowace fadama da ke filin kafin a zana titi, ya tattara gidajensa a wuri mafi gajiya, ya bar sauran a dunƙule haɗe da na maƙwabcinsa, ya kuma nuna asusun da za a riƙa kula da shi. Fadama musamman bai kamata a ko fara cinikinta ba, domin ruwan da aka hana wa wurin kwanciya yakan nemi ɗakin wani a watan Agusta.

Makarantun sakandare ma da yawansu suna zaune a kan manyan filaye masu gine-gine kaɗan, kuma malamin nazarin halittu yana iya gwada maganar Zwarts da ɗalibansa ba tare da wani kayan aiki ba. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da baƙin tsuntsaye ke nan, a zaɓi gawo ko aduwa guda 5 da darbejiya guda 5 masu kusan girma ɗaya. Ɗalibai biyu su tsaya nesa kaɗan da kowace bishiya da misalin ƙarfe 7 na safe, su yi minti 10 suna rubuta duk tsuntsun da ya sauka a kanta, tare da bambanta wanda ya zo hutawa da wanda ke tsintar abinci a cikin ganye. A maimaita sau ɗaya a mako har ƙarshen zango, a riƙa musanya ɗaliban tsakanin itatuwan domin kada kaifin idon mutum ɗaya ya karkatar da ƙidayar, sa'an nan a haɗa alkaluman a kan allo.